Anya guguwar da ke ƙara tsanani ba za ta kashe harkar lantarkin iska ba?

Tambayar da aka yi ita ce: "Ana ta cewa ɗumamar yanayi na sa guguwa ƙara ƙarfi, kuma na ga bidiyon manyan injinan iska sun kakkarye a Chaina. Anya kuɗin da duniya ke zubawa a wannan harkar ba asara ba ce? Ko kuwa yawan iskar ma riba ce tunda da ita suke aiki?"

Toh ɗan'uwa, tambaya biyu ka haɗa kuma dukkansu amsarsu a'a ce. Guguwa ba za ta kashe harkar ba, kuma ba riba ba ce. Abin da za ta yi shi ne ta sa aikin ya ƙara tsada a wasu wuraren, ta hana shi kwata-kwata a wasu ƙalilan, sannan ta tona asirin duk wanda ya yi ha'inci ko ganganci wajen gini. Bari in fara da maganar riba tunda ita ta fi saurin warwarewa.

Injin iska yana fara juyawa ya ba da wuta ne in iska ta kai kamar mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa. Daga nan wutar na ƙaruwa da sauri sosai, don in gudun iska ya ninka sau biyu ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Amma da ta kai wajen mita 12 a daƙiƙa janareton ya cika, ba shi da wurin ƙari, duk abin da ya haura haka sai dai injin ya riƙa karkatar da fukafukansa yana zubar da rarar. In ta kai mita 25 a daƙiƙa, wato kilomita 90 a awa, yawancin injina kashe kansu suke yi. Ka ga kenan guguwa mai gudun kilomita 200 ba ta ƙara maka ko kilowat ɗaya, wuta ma take ɗauke maka a lokacin. Abin da mai gonar iska, wato filin da aka jera injinan iska da yawa, ke roƙo shi ne iska matsakaiciya wadda ba ta yankewa. Eh, gefe-gefen guguwa kan kawo alheri, kamar a Satumban 2023 da guguwar Haikui ke tunkarar gaɓar Fujian, wani injin kamfanin Goldwind mai megawat 16 ya samar da megawat-awa 384 cikin yini guda, amma fa lura, iskar da ta same shi ba ta wuce abin da zai iya aiki da shi ba.

Yanzu ga wajen da nake so ka tsaya da kyau, don duk maganar a nan take. Me injin ke yi bayan ya kashe kansa? Ba daskarewa yake yi ba. Abu biyu yake yi kuma dole ya ci gaba da yin su har guguwar ta wuce. Na farko ya murɗa kowane fiffike ya koma yana fuskantar iska da kaifinsa maimakon faɗinsa. Na biyu, kan injin gaba ɗaya, wannan ɗakin da ke saman hasumiya wanda janareto ke ciki, ya riƙa juyawa yana bin iska duk inda ta koma. In ka taɓa fitar da hannu ta tagar mota tana gudu ka san abin, tafin hannu a buɗe iska na neman ɓalle maka kafaɗa, ka kwantar da shi ya zama kaifi sai ka ji wayam. To fiffike mai tsawon mita 80 ko 100 haka yake, in iska ta zo masa ta kaifi ba komai, in ta same shi ta gefe nauyin da ke sauka kan hasumiya da tushenta ya ninka ba kaɗan ba. Su kuma na'urorin da ke juya kan injin da wutar lantarki suke aiki, kuma a tsofaffin injina daga babban layin wuta suke ɗauko ta. Wanne ne abu na farko da guguwa ke kayarwa? Layin wuta. Shi kenan injin ya zama gunki, kai ya tsaya yana kallon waje ɗaya, ita kuwa guguwar teku in idonta, wato tsakiyarta, ya ratsa ta kanka iskar juyawa take yi gaba ɗaya, wadda ke zuwa daga arewa ɗazu yanzu daga kudu take zuwa.

Abin da ya faru kenan a tsibirin Miyako na Jafan a Satumban 2003 lokacin guguwar Maemi. An auna bugun iska na mita 74 a daƙiƙa, fiye da kilomita 260 a awa. Injina shida na kamfanin lantarkin Okinawa babu wanda ya tsira lafiya, uku sun faɗi ƙasa warwas, biyu daga ciki hasumiyar ƙarfen ce ta lanƙwashe daga ƙasa, ɗaya kuma tushen kankaren ne ya fashe, sauran ukun fukafukai ko murfin kai suka tarwatse. Injiniyoyi har yau suna komawa kan wannan lamarin don a nan aka ga ƙarara yadda ɗaukewar wuta da juyawar iska ke haɗuwa su kayar da inji. Bayan shekara 10, a 2013, guguwar Usagi ta shiga wata gona mai injina 25 a Shanwei ta lardin Guangdong ta kayar da 8. A 2015 Soudelor ta kayar da wasu a gaɓar Taichung ta Taiwan. Bidiyon da ka gani kuma ina kyautata zaton na guguwar Yagi ne, Satumban 2024, a Wenchang ta tsibirin Hainan, kuma rahotanni sun nuna sabbin injina ne da ake kafawa a madadin tsofaffi, ba su ma fara aiki ba. Guguwar nan ɗaya ta wuce ta kusa da injina masu yawan gaske a kudancin Chaina, ciki har da na cikin teku, suna nan tsaye, sai dai wanda bai faɗi ba ai ba mai ɗaukarsa bidiyo.

Misalin da na fi so in bayar shi ne na Puerto Rico, guguwar Maria, Satumban 2017, saboda gona biyu ne a tsibiri ɗaya. Ta Punta Lima a gabas, injina 13, kusa da inda guguwar ta sauka take, fukafukan suka kekkece, gonar ta shafe shekaru ba ta aiki. Ta Santa Isabel a kudu, injina 44, ta fita kusan lafiya ƙalau. Amma me? Layukan wutar tsibirin sun zube, injina na tsaye ƙalau babu inda za su tura wutar, watanni ana jira. Wato ko injinka ya tsira bai zama ka tsira ba.

Sai maganar yadda ake tsara ƙarfin injin tun daga masana'anta. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61400 da ta kasa injina aji-aji. Aji na uku an gina shi ya jure iskar mita 37.5 a daƙiƙa, na biyu 42.5, na ɗaya 50, duka a matsakaicin minti 10, kuma aji na ɗaya zai ɗauki bugu na daƙiƙa 3 har mita 70. Waɗannan lambobin daga yanayin Turai aka samo su, Danmak da Jamus da makamantansu inda sana'ar ta girma, can kuwa ba su san guguwar teku mai ido ba. In ka kwatanta da ma'aunin guguwa mai mataki 5 da Amurka ke amfani da shi, aji na ɗaya wajen iyakar mataki na 2 da na 3 ƙarfinsa ke tsayawa. Shi ya sa a 2019 aka ƙara wani aji na musamman saboda guguwar teku, ajin T, mai mita 57. Kar ka raina ƙarin mita 7 ɗin nan. Nauyin da iska ke ɗorawa kan gini yana tafiya ne da gudunta sau kansa, daga 50 zuwa 57 ƙarin kashi 14 ne cikin ɗari na gudu amma kusan kashi 30 na nauyi, kuma wannan kashi 30 ɗin ƙarfe ne da kankare da kuɗi.

Ga kuma inda sauyin yanayi ke shigowa da gaske, kuma gaskiya mu masu harkar shi ya fi damun mu fiye da hotunan da ke yawo. Wancan adadin na 50 ko 57 ana nufin iskar da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 50 a wurin. Mutane na jin shekara 50 sai su saki jiki, alhali injin da zai rayu shekara 25 yana da kusan kashi 40 cikin ɗari na haɗuwa da irin wannan iskar a rayuwarsa, lissafi ne kawai. Ba wai in ya haɗu da ita faɗuwa zai yi ba, akwai rarar kariya da ake ɗorawa a kai, yawanci a ninka nauyin da 1.35. Amma daga ina aka samo adadin? Daga bayanan iskar shekarun baya. Ana ɗaukar abin da aka auna a shekara 20 ko 30 da suka wuce a ƙiyasta gaba, bisa zaton gobe kamar jiya take. In yanayi ya motsa har abin da ke zuwa sau ɗaya a shekara 50 ya koma sau ɗaya a shekara 30, wancan kashi 40 ya haura 55, kuma rarar kariyar da aka ajiye don kuskuren walda da rashin ingancin ƙarfe da sauran abin da ba a sani ba ita ake cinyewa a hankali ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. Injin da ake kafawa yau zai kai 2050 yana tsaye, iskar 2050 ya kamata a gina masa.

Amma mu yi adalci ga abin da masana yanayi suka faɗa, don a intanet ana ƙara masa gishiri. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, bai ce yawan guguwar teku zai ƙaru ba, ya ce adadinsu a duniya ko dai ya tsaya yadda yake ko ma ya ragu. Abin da ya ce zai ƙaru shi ne kason masu tsananin a cikinsu, wato mataki na 4 da na 5, da kuma ruwan saman da suke zubarwa, don duk ƙarin digiri 1 na zafi iska na iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari. Akwai kuma alamun cewa a yammacin tekun Fasifik wurin da guguwa ke kai ƙololuwar ƙarfinta na matsawa arewa, wanda ke nufin gaɓar da a da ba ta cika ganin mai tsanani ba za ta fara gani. Da kuma saurin ƙaruwar ƙarfi, guguwar da jiya take mataki na 1 yau ka tashi ta zama na 5, kamar Otis da ta afka wa Acapulco a 2023, wannan yana rage lokacin shiri. Game da guguwar hunturu ta arewacin Turai kuwa, inda manyan gonakin tekun Ingila da Jamus da Danmak suke, hujjar cewa iskarta na ƙara ƙarfi ba ta kai wancan ƙarfi ba sam. Don haka matsalar ta yanki ce, kudancin Chaina, Taiwan, Jafan, Filifin, Biyetnam, gaɓar Indiya, tsibiran Karibiyan da gaɓar kudu maso gabashin Amurka. Mafi yawan injinan duniya a cikin tudu suke nesa da teku, filayen tsakiyar Amurka, arewacin Chaina, Jamus, Sifen, Birazil. Can abin tsoronsu guguwa mai murɗawa ce irin wadda ta kayar da injina kusa da Greenfield ta jihar Iowa a Mayun 2024, ita kam ba wanda ke gina inji don ya jure ta, hanyarta siririya ce, ta ɗauki huɗu ko biyar cikin dubbai, inshora ta biya a wuce wajen.

Me ake yi a kai? Abu mafi arha kuma mafi amfani shi ne a ba injin wutar kansa, batir ko janareton dizal a gonar, yadda ko babban layi ya faɗi kan zai ci gaba da bin iska na awanni ko kwanaki. A gonakin tekun da ke yankin guguwa yanzu kusan ba a maganar inji sai da wannan. Sai ƙarin kaurin hasumiya, ƙarfafa tushe, da na'urar auna iska mai ƙwari, don abin dariya ne amma gaskiya ne, 'yar ƙaramar na'urar da ke saman kai mai gaya wa kwamfuta daga ina iska ke zuwa in ta ɓalle to injin ya makance ko da wuta. Ƙananan tsibirai kuma wata dabara suka bi wadda ni tana burge ni saboda sauƙinta, injina ƙanana masu fiffike biyu na kamfanin Vergnet na Faransa da ake kwantar da su ƙasa da igiyar ƙarfe a ɗaure in an ji guguwa na tafe, akwai su a Guadeloupe da New Caledonia da Vanuatu, Okinawa ma bayan abin da ya same su sun kafa irinsu a ƙananan tsibiransu. Sai dai wannan na inji mai kilowat ɗari biyu da wani abu ne, ba wanda zai kwantar da hasumiya mai tsawon mita 150.

A ganina ma raunin da ya fi girma ba a jikin injin yake ba, a layin wuta yake. Dubi abin da ya faru a jihar Kudancin Ostiraliya ranar 28 ga Satumba 2016. Guguwa ta kayar da turakun manyan layuka fiye da 20, wuta ta yi ta rawa sau da yawa cikin ƙanƙanin lokaci, gonakin iska tara suna da wani saiti a kwamfutarsu cewa in rawar ta kai sau kaza a cire kai, suka janye megawat 456 cikin 'yan daƙiƙu, layin da ke kawo wuta daga jihar Victoria ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa ya katse, jiha guda ta faɗa duhu. Ba fiffike ko ɗaya da ya karye fa, saiti ne, kuma hukumar da ke kula da layin ba ta ma san da shi ba. Aka gyara saitin, shekara ta zagayo aka kafa babban batirin Tesla na Hornsdale mai megawat 100. Makamancin haka ya faru a Ingila ranar 9 ga Agusta 2019, tsawa ta faɗa kan layi, gonar teku ta Hornsea da wata tashar gas ta Little Barford suka fita kusan tare, gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan ɗaya suka rasa wuta.

Akwai kuma matsalar injina su kashe kansu a tare. In guguwa ta rufe yankin da ke da injina ɗaruruwa duk suka kai mita 25 cikin awa guda, ka tashi daga cikakkiyar wuta zuwa babu. Maganin da kamfanoni irin su Enercon da Siemens Gamesa suka fito da shi shi ne injin ya riƙa rage gudu sannu a hankali daga wajen mita 25 ɗin har zuwa talatin da wani abu, maimakon ya yanke lokaci ɗaya, hakan na ba masu kula da layi damar tayar da wata tashar. Sau da yawa ma a Turai matsalar ranar iska mai ƙarfi yawa ce, wuta ta yi yawa a Sikotland ko arewacin Jamus layin da zai kai ta kudu ya yi kaɗan, sai a biya masu gona su kashe injinansu.

Tunda za a kawo maganar Texas a ce injinan iska ne suka jawo ɗaukewar wuta a can, bari in riga masu kawo ta. A sanyin Fabrairun 2021 ƙanƙara ta daskare a fukafukan injina da yawa suka tsaya, gaskiya ne. Amma binciken hukumomin lantarkin Amurka ya nuna fiye da rabin tashoshin da suka gaza na gas ne. Kuma injin iska na aiki a Finland da Kanada cikin sanyin da ya fi wannan, akwai na'urar ɗumama fiffike, a Texas ne ba a saya ba don an ɗauka ba za a buƙata ba.

Ɓarnar da ba ta shiga labarai ita ce ta yau da gobe, kuma a lissafin kuɗi ta fi faɗuwar hasumiya ciwo. Bakin fiffiken babban inji yana gudun kusan kilomita 300 a awa. A wannan gudun ɗigon ruwan sama ba wasa ba ne, yana cin gaban fiffiken a hankali, fenti ya fara zama ƙuraje-ƙuraje, sai ya ɓare, sai ka ga zaren gilashin ciki a fili, fiffiken ya daina yanka iska yadda ya kamata wuta ta ragu. A gonar Anholt ta Danmak da aka buɗe a 2013, ba ta cika shekara biyar ba sai da aka sauke fukafukan mafi yawan injinanta 111 don gyara. In ruwan sama mai ƙarfi zai ƙaru, kuma wannan na cikin abin da masana suka fi tabbatarwa, to wannan ciwon zai ƙaru a ko'ina, har inda guguwar teku ba ta zuwa. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Danmak sun kawo shawarar a riƙa rage gudun injin a 'yan awannin da ruwa ke zuba da ƙarfi, ka yi asarar wuta kaɗan ka ƙara wa fiffike shekaru, ni dai na ga hankali a ciki. Tsawa ma haka, inji mai tsawon mita 250 ba jiran tsawa yake yi ta same shi ba, shi kansa yana iya tayar da ita daga bakin fiffike zuwa gajimare, kuma a gaɓar yammacin Jafan tsawar hunturu ta daɗe tana fasa fukafukai. A teku kuma ga igiyar ruwa na dukan tushe, ruwa na kwashe yashin da ke kewaye da shi, kebul ɗin da ke kwance a ƙasan teku na gogar duwatsu, kuma kebul ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin da kamfanonin inshora ke biya a gonakin teku. Ƙaramin gyara na awa biyu kuma sai ya jira mako biyu saboda jirgin ma'aikata ba ya iya matsawa jikin hasumiya in igiyar ta wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Injina masu shawagi a kan ruwa, waɗanda ake ɗaure su da sarƙa a ƙasan teku, da yawa sun zaci su za su fara nitsewa. Gonar Hywind ta Sikotland, injina biyar, an buɗe ta a 2017, cikin watanninta na farko guguwar Caroline ta same ta da bugun iska sama da kilomita 160 a awa da igiyar ruwa mita 8, ta fita lafiya. Ta WindFloat a gaɓar Fotugal ta ga igiya mai kusan mita 20 a 2023. Wannan abin ƙarfafa gwiwa ne amma kar a cika baki, adadinsu kaɗan ne har yanzu, kuma ita Hywind ɗin a 2024 sai da aka ja injinanta zuwa Norway don babban gyara.

Ƙarshenta dai a teburin banki da inshora ake yanke hukunci. Gonar iska kusan duk kuɗinta a farko ake kashewa, bashi ne ake biya cikin shekara 15 ko 20, ba banki da zai ba da bashi ba inshora, in mai inshora ya ji tsoron guguwa ya ƙara farashi ko ya ce iyakar abin da zai biya kaza ne, lissafin aikin na iya rushewa tun ba a kafa ƙarfe ɗaya ba. Ka kwatanta gwanjon filin teku biyu a Amurka, na kusa da New York a Fabrairun 2022 ya tara dala biliyan 4.37, na tekun Mexico a Agustan 2023 fili ɗaya kacal aka saya kan dala miliyan 5.6. Ba guguwa kaɗai ta jawo ba, iskar can ta fi rauni, ƙasan tekun laka ce, wuta kuma da arha a yankin, amma haɗuwar nan ta iska mai rauni kullum da mahaukaciyar guguwa jefi-jefi ita ce mafi muni ga injiniya, don raunin iska na buƙatar dogon fiffike ita kuma guguwa dogon fiffike take nema. Mashigin Taiwan akasin haka ne, guguwa na zuwa duk shekara amma iskar hunturunsa na da kyau ƙwarai har ta biya kuɗin ƙarin ƙarfen, shi ya sa ake ta gini. Kuma manyan ayyukan da aka soke a 2023, Ocean Wind na kamfanin Ørsted a New Jersey da Norfolk Boreas da kamfanin Vattenfall ya dakatar a Ingila, kuɗin ruwa da tsadar kaya ne suka kashe su, ba ruwan guguwa a ciki.

In ka tambaye ni abin da ya fi barazana ga makomar harkar ta fuskar yanayi, zan ce maka rashin iska ne. A 2021 arewa maso yammacin Turai ta yi watanni iska na ƙasa da yadda aka saba, kamfanoni suka ji a aljihunsu. A Nuwamba da Disamban 2024 Jamus ta shiga kwanaki ba iska ba rana, farashin wuta a kasuwar sari ya kusa yuro 1,000 kan megawat-awa na 'yan awanni. Guguwa ta tsayar da inji yini ɗaya ko biyu a gona ɗaya, wannan kuwa ƙasashe yake rufewa na mako guda, kuma batirin awa huɗu ba ya maganinsa.

Inda nake da ƙorafi da masana'antar kanta shi ne tseren girma. Gonar teku ta farko a duniya, Vindeby ta Danmak a 1991, kowane inji kilowat 450 ne. Yau ana kafa masu megawat 15 da 16, kamfanonin Chaina sun fito da na 20 da sama, faɗin da'irar fukafukan ya haura mita 250. Kafin a gama sanin halin wani samfuri an fito da wanda ya fi shi. A irin wannan faɗin, iskar da ke bugun fiffiken sama da wadda ke bugun na ƙasa ba gudunsu ɗaya ba, a bangon idon guguwa ma ba daga waje ɗaya suke zuwa ba, to kan injin wacce zai fuskanta? Ƙa'idojin da ake da su ba su gama amsa wannan ba, kuma ma'aunin iska na gaske a tsawon mita 150 zuwa 250 a tsakiyar guguwa mai mataki na 5 kaɗan ne ƙwarai a hannun kowa, yawanci kwamfuta ce ke ƙiyastawa. Lantarkin iska ya haura gigawat 1,000 a duniya tun 2023, yana ba da kusan kashi 8 cikin ɗari na wutar duniya, a Danmak fiye da rabi, kuma kusan rabin na cikin teku a ruwan Chaina yake, wani kaso mai yawa a gaɓar Guangdong da Fujian da guguwa ke bi duk damina. Shekaru goma masu zuwa a can za a samu amsar, kuma abin da nake fata shi ne kamfanonin su riƙa fitar da bayanan abin da injinansu suka auna da abin da ya lalace bayan kowace guguwa, kamar yadda Jafanawa suka yi bayan Miyako, don har yanzu yawancinsu a aljihu suke ɓoye shi da sunan sirrin kasuwanci.